Shafi Mai Hatimi da Ya Tsayar da Karatun Saratu

Zuwa ga Shugaban kwalejin da ɗiyata ke karatu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, ni tsohon malamin firamare ne daga Sandamu, yanzu ina cin fansho ina ɗan noma. Sau biyu na zo ofishinka, sau biyu ana ce mini kana taro, shi ya sa na kawo kukana bainar jama'a. Ɗiyata Saratu na karatun malanta a wurinku. Bana ya kamata ta gama, amma kwas ɗaya ya riƙe ta, ga kuma yadda aka yi.

1. A kwalejinka kusan kowane malami yana da takardun darasi da yake sayarwa, waɗanda ɗalibai ke kira handawut. Ban yi gardama ba da farko. Tun shekararta ta fari, duk zango sai na kai akuya ko buhun gero kasuwa, kuma rabin kuɗin a waɗannan takardun yake ƙarewa.

2. A zangon da ya wuce, Saratu ta samo littafin kwas ɗin halayyar yara a intanet, a wayarta. Ba na sata ba ne. A shafin farko marubutansa sun bayyana cewa kowa ya karanta, ya kwafa, ya raba kyauta, sharaɗinsu kawai kada a cire sunayensu. Ta aro handawut ɗin ƙawarta, muka zauna a zaure muka gwada su layi-layi. Ranka ya daɗe, abu ɗaya ne. Babi huɗu aka ɗebo aka yi fotokwafi, aka shafe sunayen masu shi, malamin ya ɗora nasa. Ko misalan yaran Turawa da ke ciki bai wahalar da kansa ya mai da su na Audu da Binta ba.

3. Ga inda cutar take. A ƙarshen kowane handawut akwai shafi ɗaya mai hatimin malamin. A kansa kaɗai ake rubuta jinga, a yage a miƙa. Wanda ya rubuta a farar takarda, ko kallonta ba a yi. Saratu ta rubuta tata a farar takarda, an ƙi karɓa, makin jinga ya tafi, abin da ta ci a jarrabawa bai kai ta tsallake ba. Yarinyar da ta karance littafin kaf, har ƙawayenta ke taruwa tana yi musu bayani, ita ce ta faɗi. Wasu da suka saya ba su buɗe ba sai don yago shafin nan, sun wuce.

Dole in faɗi laifina, don shi ne ke hana ni sukuni. Saratu ta roƙe ni kuɗin handawut ɗin, ta ce kowa ya san yadda abin yake. Ni na hana. Na ce mata na shekara talatin da alli a hannu, ban taɓa jin inda aka kayar da ɗalibi don ya san karatu ba. Ta yarda da ni saboda ni ubanta ne kuma malami. Ranar da sakamako ya fito, gaishe ni kawai ta yi ta shige ɗaki. Da ta yi mini faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

4. Lokacin da aka kawo Shari'a jihar nan, ina cikin waɗanda suka yi murna. Na ga yadda aka riƙa yi wa masu awo wa'azi a kasuwa a kan tauye mudu. To, wanda ya ɗauki abin da masu shi suka bayar sadaka, ya goge sunansu, ya sayar wa 'ya'yan talakawa dole, shi wa zai yi masa magana? Ban ce duk malamanka haka suke ba. Akwai wata malama da ke tura wa ɗalibai littattafai ta waya ba ko sisi, Allah Ya saka mata. Na kuma san albashi ba ya kai wata, ni ma na ɗanɗana. Amma ba daga rumbun manomin Baure ko Dutsi ya kamata a cike giɓin ba.

Buƙatuna su ne: a soke shafi mai hatimi, a karɓi jinga a kowace takarda. A sa ɗakin karatu ya tattara littattafan nan na kyauta, ya sanar da ɗalibai, duk mai so ya tura a wayarsa ko ya buga a kuɗin takarda kawai. Idan malami ya rubuta nasa da guminsa, kwaleji ta biya shi ta sake shi ga kowa. Sannan a karɓi jingar Saratu, a ba wani malami daban ya duba. Idan ba ta ci ba, ba za ka ƙara jin bakina ba.

In ba a yi haka ba, sai ta sake rajistar shekara guda saboda kwas ɗaya. Abin sayarwa da ya rage mini shi ne san huɗa, ga damina ta ƙarato. In na sayar ba noma, in na bari ba karatu. Jingar tana nan a cikin akwatina, na sa ta a leda don kada gara ta taɓa. Rubutun hannunta ne mai kyau, shafi uku, har yau ba wanda ya karanta sai ni.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa kada wani naka ya tsaya a inda ɗiyata ta tsaya.

Wassalam.

Naka,
Mahaifin Saratu, Sandamu, ƙasar Daura.