Sun Rufe Rijiyar Baba

Yaya Sule,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali. Mu ma lafiya lau.

Wasu Turawa sun zo nan garinmu Magajiya da mutanen gwamnati, suka rufe rijiyar Baba da siminti, suka kafa famfo mai gilasai. Wai hasken rana ke janyo ruwan, ba mai, ba hayaƙi. Da rani mun ji daɗi. Yanzu in hadari ya haɗu, famfon shiru. Inna ta ce, "Ga rijiya, muna tarar ruwan sama?" Tafintan Turawan dai ya ce kada mu taɓa, za su dawo. Na rasa abin yi. Mu fasa murfin ko mu jira? Kai ne babba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Rabi