Daron Alli Ya Ɓata Mana Rijiya

Zuwa ga mai girma Hedimasta na makarantar elementare ta garinmu, ƙasar Kudan.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina aiki, ina iyali, ina fama da yara? Allah ya taimaki Malam. Ni ne Tanko mai mazarƙwaila, wanda in na sauke kwando a kasuwar Makarfi sauran masu yi sai su kama kallon ƙasa. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, aikinka ne.

Na ɗaya. Ran da aka zo neman yaran makaranta, kowa ya tura nashi cikin rumbu, ni kaɗai na kamo hannun ɗana Audu na kawo muku. Babana ya ce kar in yi, na ce mishi ai mun samu 'yanci, jikanshi sai ya zama likita.

Na biyu. Makon jiya malamin ajinsu ya koya musu abin da ke tasowa kan ruwa da abin da ke nitsewa. Madalla. To da me ya koya? Da alli. Ya zana daro a allo, ya zana ruwa, ya zana dutse a ciki. Ruwan alli, ranka ya daɗe! Ko ƙadangare bai sha shi ba. Daron gaskiya kuwa da hukumar En'e ta aiko, duk gari mun san inda yake, a bayan ɗakinka, ana jiƙa maka riguna.

Na uku. Da ya gama zanen sai ya ce kowa ya je gida ya gwada. Shi a Zariya ya tashi, wai can har famfo akwai. Mu nan ruwanmu na gida rijiya ce guda, ta unguwa duka. Yara kau suka yi mata layi. Kara ya taso, suka yi ihu. Dutse ya nitse, suka yi ihu. Sai ludayi, sai fartanya, sai takalmin Liman ƙafa ɗaya. Audu, da yake jinina ne ba ya son a fi shi, ya kinkimo kwandon mazarƙwailata ya juye.

Washegari unguwa ta yi alwala da ruwan zaƙi. Ƙudan zuma suka kafa sansani a bakin rijiya, mata ba mai iya jefa guga. Ni na shiga yasarta, na fito da kaya kamar ɗan koli. Yanzu in na wuce sai a ce ga uban likita.

Na huɗu, shi ya fi ƙona mini rai. Audu ya koma aji ya tambaya, ya ga mazarƙwailar ta nitse da idonshi, amma da aka yashe ba a same ta a ƙasa ba, ina ta tafi? Ni da nake dafa ta tun ban yi gemu ba, tambayar ta burge ni. Malaminku bulala ya ba shi. Ashe amsar ba ta zanuwa da alli.

Babana ya rantse, in kasuwar Makarfi ta zagayo ba a gyara ba, Audu ya bar boko ya koma kora dokin da ke juya injin matse rake. Ba na iya musu da shi kuma, hujjata ta narke a rijiya.

Roƙona kaɗan ne. A fito da rigunanka daga daro a kai shi aji. In ya yi muku nauyi, zan turo kaskon da nake dafa rake, yaro uku sa yi wanka a ciki. Ruwa ni zan ɗebo, curin mazarƙwaila ni zan bayar, a jefa a gabansu su ga inda take zuwa. Kuma a gayyato tsohon nan ya zauna a gaba ya ji jikanshi ya samu amsa, dan shi kaɗai ya rage a shawo kanshi.

Allah ya ƙara maka girma, ya kai ka Kaduna, ya hore maka daro naka na kanka.

Takalmin Liman ƙafar da aka jefa rijiya har yanzu muna nema. Wassalam.

Naka,
Tanko mai mazarƙwaila