Ƙas-ƙas a Motar Tsoho

Litinin, 3 ga Maris

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, zauna ka amsa mini wannan: mene ne ba shi da baki amma yana magana, a gaban likitansa bebe ne, sai a gabana yake surutu? In ka kasa, rufe ka mayar inda ka ɗauko.

Ni ma ban san amsar ba tukuna. Zancen motar mijina Tsoho ne. Tun da ya rasu tana rumfar tsakar gida, babban ɗana ke fita da ita. Ni kuma da la'asar, in gida ya yi shiru, sai in lallaɓa in zauna a kujerata ta gaba. Ba wanda ya sani. Ina zama sai abin ya fara daga bayan dashbod, ta wajen sitiyari: ƙas, ƙas, ƙas. Mota a kashe, makulli yana rataye a ɗaki.

Haka zobensa ke yi a jikin sitiyari in na ɓata masa lokaci wajen shiga. Na san ƙarar nan kamar tarina.

Laraba, 5 ga Maris

Batir ya mutu da safe. Babban ya tarar da abin yana ƙas-ƙas shi kaɗai, ya kunna mota ta ƙi. Sai da maƙwabta suka tura.

Jikoki suka dame ni da tambaya. Na ce musu wani tsohon gyare ne mai rawani, kakansu ya ɗauke shi aikin gadi, albashinsa bai fito ba shi ya sa yake buga tebur. Ƙaramar ta ajiye masa ɓawon biredi a kan taya. Uwarsu ta harare ni.

Asabar, 8 ga Maris

An kai ta wurin mai rewaya, mai gyaran wayoyin mota. Wuni guda tana can, ko uffan. Ya ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya, ya cire rediyo, ya kasa kunne. Ya ce lafiyarta lau, batir ne ya tsufa. An sa sabo.

Na yi dariya a ciki. Tsoho bai taɓa son hira da baƙi ba.

Talata, 11 ga Maris

Sabon batir ma ya kwana ya mutu.

Alhamis, 13 ga Maris

Babban ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, abin da ba ya yi sai da magana mai nauyi. Ya ce, "Inna, wayar da ke shan wuta mota a kashe, wata rana gobara za ta yi. Ga yara suna wasa a rumfar." In ba a gano abin ba zuwa ƙarshen wata, zai ba masu ɓaɓɓalla motoci su sayar da kayanta.

Na ce, "Ubanka ma ya yi ƙara da ya tsufa, ban ba masu ɓaɓɓallawa ba." Bai yi dariya ba. Ni ma da ya fita ban yi ba.

Ga inda nake. In an gano shi, za a yanke shi ya yi shiru. In ba a gano ba, motar za ta tafi da shi gaba ɗaya. Ko ta ina ni ce a ƙasa.

Lahadi, 16 ga Maris

Na zauna a ciki yau har rana ta yi ja. Kujerarsa ta lotsa daidai zamansa. Ƙanshin man gashin nan nasa ya kusa ƙarewa, sai na sa hanci a jikin yadin nake jin kaɗan.

Na tuna yadda muke fita. In shiga, in tattara zanena, in jawo ƙofa a hankali, don ni ban iya buga ƙofa kamar mai faɗa da ita ba. Sai ƙas, ƙas, ƙas. In ce, "To sarkin gaggawa, ai na shigo, bar buga zoben." Sai ya miƙo hannu ta gabana, ya buɗe ƙofata ya rufe, gam. Sannan ya tayar da mota. Kullum. Na sha ce masa neman dalilin taɓa ni yake, ya ce in ji da tsufana.

Na yi masa hira yau. Na gaya masa auta ta samu ciki. Ƙas, ƙas. Ban haukace ba, na san abin da na sani. Amma dai.

Talata, 18 ga Maris

Mai rewaya ya zo gida, tunda a garejinsa ba ta magana. Dogo ne, fensir a bayan kunne, yana da ladabi. Na ce, "Sannu likita, mara lafiyar taka ta fi ka wayo." Ya ce, "Mama, yau sai ta faɗi abin da ke damunta."

Ya buɗe ƙofofi duka, ya kwance dashbod, ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje. Wayoyi ja da kore da baƙi sun zubo kamar hanjin kaza. Shiru. Ya jijjiga wannan, ya ƙwanƙwasa wancan. Shiru.

Ya leƙo ya ce, "Wai maigida, ban da kai akwai mai shiga motar nan?" Babban ya ce babu. Ni kuwa na duƙufa gyaran ɗankwalina.

Juma'a, 21 ga Maris

Mai ɓaɓɓallawa ya zo ya gan ta. Ya daki taya da ƙafa. A gabana.

Ban ci abinci ba.

Litinin, 24 ga Maris

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Mai rewaya ya dawo gwaji na ƙarshe. Na ce a raina, in tafiya za ta yi, ba za ta tafi ban zauna a kujerata da rana tsaka kowa na gani ba. Na fito da sandata, na ratsa su, na shiga. Babban ya ce, "Inna, aiki ake yi." Na ce, "A yi da ni a ciki, ni ma tsohon kayan motar ce." Na jawo ƙofa.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Mai rewaya ya ce, "Kar kowa ya motsa! Mama, don Allah ko numfashi a hankali." Ya cusa hannu can ƙurya yana lalube har ya kamo shi yana motsi a tafinsa. Wani ɗan gwangwani ne kamar na tumatir, an naɗe shi da tsumma an ɗaure a bayan ƙarfe. Ya ce irin abin da ke sa sigina ƙyaftawa ne, amma wannan ba na kamfani ba ne, hannu ne ya ƙara shi. Ya bi siririyar wayarsa a ƙarƙashin shimfiɗa, ta bi ta ƙasan ƙafata, ta ɓulle a jikin ƙofata. Can akwai ɗan ƙarfe da aka lanƙwasa.

Ya buɗe ƙofar, shiru. Ya rufe gam, shiru. Ya jawo ta a hankali irin nawa, ta kama rabi. Ƙas, ƙas, ƙas.

Ya ce duk wanda ya yi wannan, so yake ya sani in ƙofar nan ba ta rufu ba. Ya ce wayar ta tsufa ƙwarai, ta girme shi a sana'a. Ashe ni ke barin ƙofar rabi in na fita, abin ya kwana yana kira har batir ya ƙare. Da safe Babban ya jefa jakarsa a kujerar ya buga ƙofa, sai a isa gareji da bebe.

Na dubi tsumman. Gefen tsohon zanin goyona ne, mai ɗigo-ɗigo.

Sai na tuna. Auta tana jaririya a cinyata, muka sha kwana, ƙofar ta wangale. Ya damƙo ni da hannu ɗaya. Bai yi faɗa ba har gida. Washegari ya wuni a ƙarƙashin sitiyari, ya ce hon yake gyarawa.

Ashe ba zobe ba ne. Duk shekarun nan ina ce masa sarkin gaggawa.

Mai rewaya ya ɗaga filaya ya ce, "A yanke?" Babban ya juya mana baya yana duban bango. Ya ce, "Sa masa sabuwar waya da fiyus. Tsumman kuma ka mayar yadda ka gan shi."

Laraba, 26 ga Maris

An sallami mai ɓaɓɓallawa. Jikoki sun tambayi gyare. Na ce an biya shi.

Talata, 1 ga Afrilu

Batir lafiya. Kwana biyu ban shiga ba, ƙafa ce ke ciwo, ba wani abu ba.

Yau Babban ya kai ni duba auta. Na shiga, na tattara zanena. Na ga hannunsa ya taso daga sitiyari zai miƙo. Kafin ya iso na buɗe ƙofar na rufe da kaina, gam, har kafaɗata ta amsa. Muka yi tafiyarmu shiru. Ban ce shirun ya yi daɗi ba. Ya dai zaunu.

Kai mai leƙe, ga amsarka. Ɗan gwangwanin sigina ne a naɗe da zanin goyo, mijina ya ɗaura shi a bayan dashbod don ya gaya masa in ban rufe ƙofata ba.