Ƙarfen da Na Rataye a Mangwaro

Albarika, Parakou
Watan Muharram, Satumba 1985

Zuwa ga Yayana Inoussa, a Kumasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Mariatou da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a cinikin goro, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum. Mu ma nan lafiya, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, ƙafar ce dai ke damunta idan hadari ya haɗu, amma bakin nan nata da ka sani ko kaɗan bai gaji ba. Matata Rakia ta sauka lafiya ran jajibirin babbar Salla, an samu mace, kowa Tasalla yake kiranta. Doya ta yi kyau bana, shanu ma sun yi ƙiba a kara, kasuwar dabbobi, man mota ne kawai ya yi wuya tun da aka rufe iyakar Najeriya.

Yaya, na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Amma gara ka ji maganar nan daga bakina kafin direbobin goro su kawo maka ita an sa mata gishiri. Magana ce a kan Bauna, tsohuwar kat-kat ɗin marigayi Baba, motar nan mai ja da ƙafa huɗu da ka bar mini amana, da kuma Yero, Bafulatanin nan aminin Baba da rugarsa ke bayan Pélébina, wanda yake ɗora mu a kan saniya muna yara. Ya tsufa ƙwarai yanzu, ga tari da ya kama shi tun bara. Bana Allah ya ba shi niyyar aikin Hajji. Ta hannuna ya sayar da wasu daga cikin bijimansa, ni na bi masa komai har aka gama, abin da ya rage kawai ya iso Djougou ran Alhamis kafin azahar, ya shiga motar maniyyata zuwa Kwatano. Babban ɗansa Sambo ya so ya fito da shi tun da wuri a kan takarkari, ya zauna gidan Kawu Iliassou ya jira, don kowa ya san yadda hanyar rugar take a tsakiyar damina. Ni na hana. Ka san bakina. Na bugi ƙirji a gaban jama'a na ce aminin Baba ba zai tafi ɗakin Allah a bayan sa kamar buhun dawa ba, Bauna za ta ɗauke shi daga ƙofar bukkarsa. Yero ya yi murmushi ya ce shi ke nan, zai jira motar abokinsa.

Dogo direbanmu ya tafi Yamai da babbar mota tun kafin ruwa ya sauka, zazzaɓi ya riƙe shi can, don haka ni na riƙe sitiyari. Na kwana Djougou, da sassafe na nufi ruga. Rafin nan na fadama da ka sani ruwansa bai wuce idon sawu ba, na ƙetare ko giya ban sauya ba, har ina yaba Bauna a raina. Sai dai ka san ban-kwanan Fulani. A sha nono, a yi addu'a, wannan ta yi kuka, waccan ta kawo saƙon da za a roƙa mata a Arfa. Muna cikin haka sama ta buɗe, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗan tsagaita muka ɗora akwatin ƙarfen Yero, shi a gaba kusa da ni, Sambo a baya, mata da yara suka biyo mu a ƙafa har bakin rafi. Ina shiga, ƙafafun baya suka nutse cikin taɓo, mota ta kafe.

Ban damu ba ko kaɗan, ai don irin wannan rana aka yi Bauna. Na ja ƙaramar giyar nan da ke haɗa ƙafa huɗu, na ji ta shiga daram, na taka wuta. Ƙafafun baya suka yi ta watsa laka, na gaba kuwa ko motsi. Sai na tuna makullan nan na tsakiyar tayoyin gaba da kake murɗawa da hannu, na sauka cikin ruwa na murɗa su biyu, na koma na taka, shiru. Na tuna yadda kake ɗan ja da baya ka dawo gaba don haƙora su kama juna, na yi hakan har mota ta ƙara zama. A nan ne Sambo ya ce a bar motar, a ɗora tsoho a kan takarkari a ƙetare da shi tun ruwa bai ƙaru ba, in sun kai babbar hanya ba za su rasa abin hawa ba. Yaya, a nan na sake buɗe bakin nan nawa. Na ce masa ya yi haƙuri, ƙaramin abu ne, yanzu zan gano shi. Gaskiyar magana, kunyar matan nan da ke tsaye a gaɓa suna kallona ita ta hana ni yarda.

Na ɗaga tabarmar ƙasan mota na buɗe murfi, ko sandar giyar ta kuɓuce daga mahaɗinta, na tarar tana nan lafiya. Na sa 'ya'yan Yero suka saro itace muka shimfiɗa, na ɗora kirik, wato jak, na ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba. Na taɓa ganin kana yin haka, ka ce in makulli ya kama kuma giya tana ciki, taya ba za ta juyu da hannu ba. Na juya ta, ta yi ta zagayawa kamar ta keke. Na ce to makulli ne ya mutu. Na kwance shi da sifana, ruwa yana dukan gwiwata, na duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ga su nan garau cikin giris. Na mayar, na kwance na ɗaya ɓangaren, shi ma haka. Duk wannan lokaci Yero yana zaune a kan buzunsa ƙarƙashin wata kaɗanya, yana jan carbi. Rana ta take tsaka, ta soma karkata, ruwan da aka yi a tudu kuma ya yi ta gangarowa, rafi ya cika.

Abin da ya kamata in fara da shi, shi na bari ƙarshe, don cikin motar yana zaune a kan taɓo. Sai da muka haƙe da fartanya sannan na samu wurin cusa kaina. Na kwanta cikin laka na ce Sambo ya juya tayar da ke sama. Sai na ga bakin ƙarfen da ke jikin ƙafafun gaba yana juyawa shi kaɗai a iska, na waiwaya na ga ɗan'uwansa a jikin akwatin giya, an ɗaure shi da tsumma. Tsakaninsu babu komai. Kardan ɗin gaba, doguwar sandar nan da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba, ba ya nan sam. Na fito ina huci, na ce Dogo ɓarawo ne, ya kwance ƙarfen ubanmu ya sayar. Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Ban rufe baki ba siffar ƙarfen ta faɗo mini a rai, dogo, mai gaɓa a kai da gindi.

Bari in koma baya kaɗan ka gane. Da bazara Audi dilige, wakilin gwamnati a unguwarmu, ya zo gida ya ce kwamitin juyin juya hali yana neman ƙarfen da za a riƙa bugawa ran Asabar a kira mutane aikin gayya da taro. Ka san yadda ake kallon mu 'yan kasuwa a wannan zamani, kowa yana so a ce masa kamarad na kirki. Na zagaya bayan garken awaki inda muke zuba tarkace, na ga wani ƙarfe an shafe shi da giris an naɗe cikin buhu. Ko tunanin wa ya naɗe shi da dalilin naɗewar ban yi ba. Na ƙwanƙwasa shi na ji yana da amo, na saɓa a kafaɗata da kaina, na kai shi gindin mangwaron kan kwana, na hau na ɗaure da waya. A taro Audi ya ambaci sunana, aka tafa mini, na dawo gida ina jin kaina. Ashe al'adar Baba ce da ku kuka sani ni ban sani ba: da rani a cire kardan ɗin gaba a adana, don rage shan mai da cin gaɓoɓi tunda hanya a bushe take, in hadarin farko ya taso a mayar. Kai da Dogo kuka tashi a ƙarƙashin mota, ni kuwa a kara na tashi, in duba haƙorin sa in faɗi shekarunsa. Dogo ya cire kamar kullum, tafiya ta ɗauke shi kafin ya mayar. Har ranar Asabar ɗin da ta wuce kafin tafiyata, ina tsaye ina jin daɗin ƙarar ƙarfen nan.

Bijiman Yero ne suka ja Bauna suka fitar da ita, ta baya, zuwa ɓangaren ruga, don a lokacin ruwa ya kai ƙirjin namiji, ba a zancen ƙetarewa da tsoho. Matan da suka yi masa ban-kwana da safe su suka sake shimfiɗa masa tabarma da yamma. Washegari ruwa ya janye muka fita, shanu a gaba mota a baya. A Djougou aka ce mana maniyyata sun tashi tun jiya, sun jira shi har la'asar. Na taka Bauna zuwa Parakou, muka kama jirgin ƙasa. Da muka isa filin jirgi a Kwatano, mutanen Djougou su ne ayarin ƙarshe, kuma sun tashi. Na roƙi duk wanda na ga yana sanye da kaki ko kwat, kowa ya ce sai baɗi.

A jirgin ƙasa muna dawowa na faɗa masa komai, tun daga buhu har tafin da aka yi mini. Wallahi, Yaya, da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya ce kiran ne bai iso gare shi ba bana, kada in ɗora wa kaina. Ya tambaya ko ƙarfen yana tara mutane sosai, na ce yana tarawa, ya ce to ai bai zauna banza ba. Ranar Arfa ina gida ina jin rediyo, na tashi na kashe ta. Alhazan Djougou sun dawo, an yi ta shan zamzam gida gida, ni ko gaisuwa na kasa zuwa. Inna kuwa ba ta raga mini ba, ta ce tun ina yaro bakina yake riga ƙafata isa wuri, yanzu in an buga ƙarfen sai ta leƙo ta ce kamarad, ana kiranka.

Dogo ya dawo, na je har gidansa na nemi gafara kan sunan ɓarawo da na kira shi a gaban baƙi, ya yafe, amma na ga abin ya taɓa shi. Na je wurin Audi a ba ni ƙarfen, ya ce yanzu ya zama dukiyar jama'a, sai an zauna taro. Ko an ba ni ma ba amfani, Dogo ya duba ya ce guduma ta lotsa shi ta tanƙwara, in aka ɗaura zai girgiza akwatin giya har ya fasa. Mun bincika Parakou da Kwatano, babu irin na tsohuwar mota kamar Bauna. Shi ya sa nake roƙonka, don girman Allah da darajar Baba, ka shiga kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kumasi ka nemo mana kardan ɗin gaba. Na auna tsawonsa da igiya, direban goron nan da ake kira Tambaya zai ba ka ita tare da takardar nan, ta hannunsa kuma za ka aiko.

Za ka ce ina ruwan baɗi da Bauna, a fito da tsoho tun da wuri mana. Haka na ce masa, na roƙe shi ya zo ya zauna gidanmu tun watan azumi. Ya ƙi. Ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutanensa cewa motar abokinsa zai jira, kuma ita zai jira, ni kuma zan tuƙa. Da na mayar da shi ruga, ya buɗe akwatinsa ya ciro haraminsa, fararen ƙyallen nan biyu da ya saya don ɗawafi, ya miƙa mini. Ya ce bukkarsa tana yoyo, in ajiye masa a gidan Baba. Ya ce in kawo masa su baɗi ya ɗaura, in kuwa ajali ya riga ni zuwa, in kawo su dai, a naɗe shi a ciki.

Ka gaishe mini da Yaya Mariatou, da Awalu da Halimatou da auta Fatchima, da maƙwabcinka Malam Yaou. Inna tana sa maka albarka, Rakia da Kawu Iliassou da Dogo suna gaishe ka. Ka sa Yero a addu'a, Sambo ya zo kara jiya ya ce tarin ya ƙaru. Haramin yana cikin akwatina ƙarƙashin gado, kuma duk Asabar da safe in aka buga ƙarfen nan a mangwaro, sai na jawo akwatin na buɗe na duba. Don Allah, Yaya, kada ka yi jinkiri.

Ƙanenka da kunya ta hana ɗaga kai,
Habou