Karatun Awon Ido: In Bi Sauda, ko In Bi Lasisi?

Anti Mahfuza, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana.

Shekarata huɗu a Dubai ina aiki a shagon tabarau a unguwar Satwa. Goge gilashi da yi wa masu saye murmushi, shi ke nan aikina. Burina in zama mai auna idon, in koma Funtuwa in buɗe wurina.

Yanzu makarantu biyu sun ɗauke ni. Ɗaya a Indiya, shekara huɗu. Ɗaya a kudancin Najeriya, shekara shida, a garin da ban san ko kaza ba. A ta Indiyan Sauda take, ƙawata da muka yi zaman ɗaki ɗaya. Tun da ta tafi shekara biyu da suka wuce, Anti, sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Ranar Juma'a da ba aiki, bango nake kallo. Wallahi na gaji da kaɗaici.

Abin da ya tsorata ni, akwai wani dattijo a shagonmu da ya yi wannan karatun a ƙasarsu, amma hukumar ba da lasisi ta nan ba ta karɓi takardarsa ba. Yana kallon na'urar awo, ba shi da ikon taɓa ta. Tare muke goge gilashi. An kuma ce mini wai a gida ba lallai a yi wa mai shekara huɗu rajista ba. Ban bincika ba, tsoron amsar nake ji. Ƙarshen wata zan ba makarantun amsa.

Taki, Baƙuwar Satwa

Ƙanwata,

Kaɗaici ciwo ne, ba zan raina shi ba. Shekara shida kuma ba wasa ba ce, kuma mai abokiyar hira ta fi iya karatu. Amma kin fara lissafin ta ƙarshe. Makaranta takarda take bayarwa, izinin taɓa idon mutane hukumar ƙasar da za ki zauna ce ke bayarwa, kuma kowace da dokarta.

Tunda Funtuwa kika nufa, yau ki rubuta wa hukumar rajistar masu awon ido ta Najeriya. Ki faɗi sunan makarantar da shekarun karatun, ki tambayi ko za su yi miki rajista, da kuma abin da doka ta yarje miki yi. Amsa a rubuce, ba ta bakin wani dillali ba. In sun ce e, haɗa kayanki, ki gaishe mini da Sauda. In sun ce a'a, ki tafi kudu. Ɗalibai Hausawa ba sa ɓuya a masallacin makaranta, can za ki samu abokan hira.

Ki kuma ƙirga: Sauda ta riga ki da shekara biyu. Za ta gama ta tafi, ke ki rage a can, da takardar da wataƙila ba za ta kai ki gida ba.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Anti Mahfuza