Madubin Baba Ladan da Maganar da Babana Ya Bar Mini

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yi dariya, na san wasu za su ce wai a kan wasan ƙwallo mace da 'ya'yanta ta zauna tana wannan dogon rubutu. Ni ma da wata ce ta rubuto, abin da zan ce ke nan.

Ni malamar firamare ce a Tambuwal. Mahaifina ya rasu da daminar da ta wuce, ni na yi jinyarsa, don yayana Bello yana aiki a Sakkwato, ƙannena kuma aure ya kai su nesa. Tun ranar da aka fita da shi ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba. Ina zuwa makaranta, ina dafa abinci, ana yi mini gaisuwa ina amsawa, amma jikina kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi aka manta da ita a kan gado. Na faɗi wannan ne don ku san ba ni da wani jin zuciya da zan bi in yanke hukunci, shi ya sa na zo wajenku.

Baba safiyo ne, mai awon ƙasa. Ya yi aiki lokacin da arzikin mai ya shigo ana ta shimfiɗa kwalta ko'ina a jihar Sakkwato, a wajen 'yan kwangilar hanya ya koyi golf, wanda ake ce wa ƙwallon lambu a rediyo. Da ya yi ritaya ya dawo gida, akwai wani fakonsa a hanyar Kebbe da ko gero ba ya yin kirki, sai ya mayar da shi filin wasa. Kar ku ɗauka irin na talabijin ne mai koriyar ciyawa. Yashi ake tankaɗewa a kwaɓa da baƙin mai a daɓe kewayen rami, ramin kuma gwangwanin tumatir ne aka binne, tutar gora ce da jan ƙyalle. Da fari mutanen gari sun ce Alhaji ya fara taɓuwa, daga baya tsofaffin ma'aikata suka fara zuwa, sai matasa ma'aikatan ƙaramar hukuma da na asibiti suka biyo. Duk shekara in an kwashe amfanin gona sukan yi gasa, wanda ya ci ya tafi da wani tsohon kofi ya ajiye a falonsa har baɗi.

Rigimar ta fara ne da wani ma'aikacin lafiya ya zo da wata 'yar na'ura, ba ta fi tafin hannu ba. Za ka kara ta a ido, ta jawo maka tutar kusa, ka danna, ta rubuta maka yadi nawa ne tsakaninka da ita. Matasan suka ce su ba 'yan wasan sana'a ba ne, sau ɗaya a mako suke samun zuwa, ba su da lokacin da idonsu zai koyi fili, kuma dokar wasan ta yanzu ta yarda da ita sai in masu fili ne suka hana, kuma ai ba na'urar ce za ta buga maka ƙwallon ba. Baba ya ce to shi ne mai fili kuma ya hana. Ya sa mata suna madubin malalata. Ya ce ya ƙare rayuwarsa yana awo da tef da na'ura, wannan filin ne kaɗai inda yake barin ido ya yi hasashe, ya yi kuskure, a yi masa dariya, in aka cire wannan to rabin wasan aka cire. Aka yi ta yi, wasu matasan suka yi fushi suka daina zuwa, shi kuwa ko a jikinsa. Babana mutumin kirki ne amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka tura bango.

Wanda ya fi tsaya masa a wannan rigimar shi ne amininsa Baba Ladan, mutumin wajen Fakku, tsohon malamin dabbobi. Tun suna samari suke tare, shi ya yi walicin aurena. Ranar wasa tun da safe zai taho a babur da sandunansa ɗaure a baya, su yini suna tsokanar juna. A shekarar ƙarshe da Baba ya daina tuƙi ni nake kai shi, in zauna gindin wata aduwa ina duba littattafan yara. Abin da na lura da shi, Baba kullum shi ke fara bugawa ko ba layinsa ba ne, kuma kafin ya buga sai ya tsaya ya faɗa da ƙarfi, wannan ta kai yadi kaza, tutar tana dama da bishiyar kuka. Na ɗauka tsufa ne ya sa shi magana shi kaɗai.

Wata safiya ana saura kaɗan ya rasu, ina ba shi kunu, hankalinsa garau, ya riƙe hannuna ya ce, "Ki gaya ma Bello, filin ga nawa na, ko bayan raina kada a shigo mani da madubin ga." Na ce to Baba. Daga ni sai shi a ɗakin. Bai sake maganar ba, ni ma ban gaya wa kowa ba, ba da wata manufa ba, ban ga abin a matsayin magana ba a tsakiyar asibiti da magani da masu zuwa dubiya.

Yanzu kaka ta yi. 'Yan wasan sun ce za a yi gasar bana da sunan Baba, matasan da suka tafi sun ce za su dawo in an yarda da na'urar. Sai abin da ba wanda ya zata, Baba Ladan da kansa ya ce a yarda. Tsofaffin suka yi masa ca, wasu har suna cewa ƙasa ba ta gama bushewa a kan amininsa ba ya juya masa baya. Bai kare kansa ba, ya hau bayan ɗan acaba ya tafi. Aka mayar da maganar hannun Yaya Bello tunda shi ne babba. Shi kuma ya kira ni a waya ya ce ke kika zauna da shi, ya bar wata magana a kan filin nan? Na ce masa ina cikin aji, zan kira shi. Har yau ban kira ba.

Na je filin ranar Lahadi don in ga ko an share shi, sai na tarar da Baba Ladan shi kaɗai zaune gindin aduwar nan. Na durƙusa na gaishe shi, sai da na yi magana ya gane ni. Ya ciro na'urar daga aljihu, a naɗe cikin hankici, ya ce ɗansa ya aiko masa. Ya ce, "Ɗiyata, na daɗe ban ganin tuta. Bayan babanki nika bugawa. Inda yaf fuskanta nan nika fuskanta, abin da yaf faɗi shi nika bi." Ya ce bai taɓa gaya wa Baba ba, Baba ma bai taɓa tambayarsa ba. Ya ce da madubin yana ganin jan ƙyallen, kuma ba zai yi mini ƙarya ba, lambar ma yana karantawa, don in ba ita bai san sandar da zai ɗauka ba. Ya ce bai gaya wa sauran ba don ba ya son a riƙa kama masa hannu a fili kamar makaho, ya gwammace a ce masa maci amana.

Ya miƙo mini ya ce in duba. Na kara a ido, tutar ta zo har gabana, ƙyallen duk ya koɗe, ɗinkin hannuna ne a jikinsa, ni na ɗinka wa Baba shi da tsohon ɗankwalina. Na danna, lamba ta fito. Na tsaya ina jira in ji wani abu, ban ji komai ba, na mayar masa.

Na gaya wa maigidana, shi daga gidan malamai ya fito. Ya ce fili ya zama gado, magada ke da iko da shi, amma saƙo saƙo ne, an ba ni in isar, kuma an tambaye ni kai tsaye, in na ce babu na yi ƙarya a kan mamaci. Ya ce in faɗa wa Yaya duka, maganar Baba da ta idon Baba Ladan, a yi wa tsohon rangwame shi kaɗai. A baki abu ne mai sauƙi. Amma na san Yaya Bello, in ya ji Baba ya faɗa to an rufe, kuma sai ya sanar a gaban kowa. Na san Baba Ladan fiye da haka. In ya ji wannan na cikin maganganun ƙarshe na amininsa, ko an roƙe shi ba zai sake kara abin nan a idonsa ba, kuma ba madubi ba wasa, zai koma Fakku ya zauna a zaure. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni, wannan filin ne kaɗai abin da yake fitar da shi daga gida. Ga shi sirrin idonsa ma bai ce in faɗa ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ban san nufin Baba ba. In ya san amininsa ba ya gani, kuma ina ganin ya sani tunda ya yi ta faɗa masa yadi da bakinsa, me ya sa ya bar wannan maganar? Ko bai kawo a ransa ba cewa in ya tafi babu mai faɗa? Ko matasan yake nufi, ya manta da Baba Ladan saboda a wajensa Ladan ba ya bukatar madubi tunda yana da shi? Ba ni da wanda zan tambaya.

Da zan tafi ranar, Baba Ladan ya raka ni har bakin mota yana lalube da sanda. Ya ce, "Ke kika ga ƙarshenai. Bai ce komi ba bisa filin ga?" Na ce Baba rana ta yi, zan zo gida in gaishe ka. Ya ce to, Allah shi yi albarka. Ina kallonsa ta madubin mota, ya koma ya ajiye ƙwallo a ƙasa, ya tsaya da sanda a hannu yana jira, bai buga ba har na sha kwana.

Ranar Asabar Yaya zai zo a zauna. Don Allah masu ilimi da masu hankali ku gaya mini, in isar da saƙon mahaifina kamar yadda ya ba ni, in kore amininsa daga filin? Ko in yi shiru in bar tsoho ya ga tutarsa, in ɗauki nauyin a wuyana har ranar da zan haɗu da Baba? In ma akwai masu buga wasan a nan, ku faɗa mini tsakani da Allah, madubin nan ya kai abin da za a raba tsoho da abin da ya rage masa? Zan karanta duk abin da kuka rubuta. Yaya ya sake kira tun ina wannan rubutun, wayar na gefena, ban ɗauka ba.