Kada Ki Kama Ɗaki a Otal Ɗinmu

Zuwa ga ’yata Zuleima,

Ina fatan kuna lafiya, ke da mijinki Argenis da jikata Nohelia. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa.

Kin ce jibi za ki biya otal ɗinmu na Punta Cana, mai haɗe kwana da ci da sha, don Nohelia ta ga teku ta ga kakanta. Kada ki biya.

Ba a ofishin otal ɗin nake aiki ba, ƙarya na yi miki. Ciyawar teku nake kwashewa kafin baƙi su fito. Shekara ashirin ina shugaban makaranta a Mérida, yau mai kula da mu sai ya ce, “Farfesa, an tashi daga aji, ga manjagara!”

Ku za a ɗaura muku zoben roba a hannu, alamar baƙin otal. Ma’aikacin da ya zauna da mai zobe, korarsa ake yi.

Ki kama ƙaramin gida a gari, zan zo ran Talata, ranar hutuna. In kuwa kin riga kin biya, ki koya wa Nohelia ta wuce ni kamar ba ta san ni ba.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Eusebio